Kafin Ka Zuba Kuɗi a Gona: Yadda Ake Auna Ko Abu Zai Yiwu

Da an kwashe amfanin gona, hira a majalisun Funtuwa da Malumfashi takan koma kan abin da za a yi baɗi. Ma'aikacin da ya yi ritaya ya karɓi kuɗin sallama yana neman hekta goma ya zuba masara. Saurayi ya ji an ce waken suya ya yi daraja, har ya fara cinikin babur ɗinsa. Hajiya ta kwashi adashi tana son ta sayi dawa ta ajiye sai tsakiyar damina. 'Yan ƙungiya sun haɗa kuɗi za su kafa injin casar shinkafa. Niyyar kowa mai kyau ce, kuma ƙasar yankin nan tana bayarwa idan an yi mata hidima. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawa daga cikinmu muke sakin kuɗi tun ba mu zauna mun tambayi kanmu ba: shin wannan abu zai yiwu a wannan wuri, a hannuna, da kuɗin da nake da shi, a wannan shekara?

Neman amsar wannan tambaya a tsanake shi ne abin da ma'aikatan banki suke nufi idan suka ce a kawo musu takardar fizibiliti. Kalmar Ingilishi ce wadda tushenta ya shigo daga tsohon Faransanci wajen ƙarni na 15, shi kuma daga kalmar Latin mai ma'anar yi ko aikatawa. Abin da take nufi bai wuce yiwuwar abu ba. Amma da yake sunan baƙo ne, mutane da yawa sun ɗauka wata takarda ce da ake biyan wani ya buga a kwamfuta don a samu rance. Wanda ya buga maka ita a shago bai taɓa taka gonarka ba, bai san dillalinka ba, kuma ba shi zai biya bashin ba. Binciken yiwuwa naka ne kafin ya zama na banki, kuma kayan aikinsa ƙafa ne da kunne da littafin rubutu na 'yan makaranta. Ga yadda ake yin sa.

Fara daga kasuwa, ka dawo gona

Yawancinmu mukan fara da tambayar me za mu shuka. Tambayar da ta kamata ta zo farko ita ce wa zai saya, nawa, kuma yaushe. Tarihin garin Funtuwa ya ishe mu darasi. Auduga ce ta ɗaga garin, tun lokacin da kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Ingila a 1902, ya kafa injin gurzar auduga a nan, har yau ga unguwar Bisije tana ɗauke da sunansa. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920 ya ƙara wa cinikin ƙarfi. Da manyan masaƙun Kaduna da Kano suka riƙa rufewa a shekarun 2000, ƙasar ba ta daina ba da auduga ba, mai saye ne ya ragu, manoma da yawa suka koma masara da dawa da waken suya. Kaya ba ya da daraja sai da mai buƙatarsa.

Saboda haka ka ware ranakun kasuwa biyu ko uku ka je Ɗandume, ko Funtuwa, ko Bakori, ko Ƙafur, ko Malumfashi, duk wadda za ka kai kayanka. Kada ka tsaya a bakin hanya kana tambayar farashi. Ka shiga layin hatsi ka samu wuri ka zauna. Ka lura da yadda dillali yake soka buhu ya zaro ƙwaya ya murza a tafin hannu, ya jefa ɗaya a baki ya ciza don ya ji bushewarta, da yadda yake rage kuɗi in ya ga tsakuwa ko dusa ko ƙwayar da ta yi baƙi. Abin da ya sa ya rage wa wani, shi zai sa ya rage maka.

Sannan ka tambayi dillalai uku, kowa daban, ba a gaban juna ba. Nawa aka sayar da buhu da kaka, nawa a watan Janairu, nawa a Yuli, bara da bara waccan da wadda ta gabace ta? Su wa ke saye da yawa, kamfanonin abincin kaji ne, ko fataken kudu, ko masu kai wa kasuwar Dawanau a Kano? Farar masara suke so ko ja? In dawa ce, ƙaura ko farfara? Da awo suke saye ko da sikeli? Hannu da hannu suke biya ko sai bayan mako biyu? Daga farashin da aka gaya maka ka cire la'ada, da kuɗin buhu da ɗinki, da lodi da saukewa, da harajin kasuwa, da kuɗin mota. Abin da ya rage shi ne farashinka, shi za ka rubuta.

Kuma ka rubuta farashin kaka, ba na tsakiyar damina ba. Mai bashi da mai iyali da kaka suke sayarwa, lokacin da kowa ya kawo kaya. Ka kuma tuna cewa hukuncin gwamnati yana juya kasuwa cikin 'yan watanni. Rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 ya ɗaga shinkafar gida. Janye harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024 yana cikin abubuwan da suka sa hatsi ya faɗi a 2025, alhali taki bai sauko ba. Wanda ya gina lissafinsa a kan farashin shekara ɗaya mai daɗi, ya gina shi a kan abin da ba ya hannunsa.

Taka gonar da ƙafarka

Kada ka karɓi gona ta waya ko ta bakin ɗan'uwa, ko da kuwa ka yarda da shi. Abu na farko shi ne awo. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi, wato kusan eka biyu da rabi. Sau da yawa gonar da ake kira hekta biyar ba ta kai huɗu ba, kuma kuskuren zai bi ka cikin kuɗin haya da taki da ƙwadago. Yawancin wayoyin zamani suna iya auna fili in ka zagaya iyakarsa da ƙafa, malamin gona ma yana iya yi maka.

Na biyu, ka ɗauki fartanya ko diga ka haƙa rami mai zurfin gwiwa a wurare uku: tudu, tsakiya, da gangare. Ka duba ko jigawa ce mai saurin shanye ruwa, ko laka ce mai riƙe shi, ko kuwa da ka yi taƙi ɗaya ka tarar da marmara. Ka jiƙa ƙasar ka dunƙule a hannu ka ga ko tana kamawa ko tana wargajewa. Ka duba busassun kararen bara ka ga kaurinsu, ka nemi saurar ƙuduji a gindinsu, domin gonar da ƙuduji ya cinye ba ta karɓar kowane irin masara ko dawa. In gonar babba ce kuma za ka daɗe a cikinta, kai samfurin ƙasa a gwada a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuɗi ne da ba ya ɓata. Daga Funtuwa zuwa Zariya ba wata tafiya ba ce.

Na uku, ka gaisa da maƙwabtan gonar. Su ne za su gaya maka inda ruwa yake kwanciya a watan Agusta, da inda zaizaya take ci, da ko burtali ya ratsa kusa, da ko mota tana isa wurin in an yi ruwa kwana biyu a jere. Gonar da sai da jaki ko babur ake fitar da kayanta tana da nata ƙarin kuɗi a kan kowane buhu.

Na huɗu, mallaka. Gado ce, ko saye, ko aro, ko haya, ko jingina? In gado ce, an raba ko ba a raba ba? In haya ce, ta shekara nawa? Wanda ya kwashe takin gargajiya mota-mota ya zuba a gonar hayar shekara ɗaya, ya gyara wa mai gona ne. A rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa ko dagaci, da shaidu, a faɗi iyaka da shekaru da kuɗi. Rubutu ba rashin yarda ba ne, kare zumunci ne.

Sai ruwa. Ƙasar Funtuwa takan samu ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, daga wajen Mayu zuwa farkon Oktoba, yana kuma raguwa in aka nausa arewa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ka nemi abin da ta ce game da ƙaramar hukumarka kafin ka zaɓi iri mai dogon zango ko mai gajere. In noman rani za ka yi, a gefen madatsar Mairuwa ne ko Gwaigwaye ko wata fadama, kada ka auna ruwan a watan Nuwamba lokacin da ko'ina yake cike. Ka tambayi yadda yake a Maris da Afrilu, lokacin da shuka ta fi jin ƙishi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin man injin ban ruwa ya zama babban kaso na kashe-kashen mai lambu, don haka ka kwatanta shi da na injin mai amfani da hasken rana a tsawon shekara uku, ba shekara ɗaya ba.

Iri, taki da hannun aiki

Dattawan yankin nan suna tuna shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gwambe. Shirin ya buɗe hanyoyin karkara, ya kawo cibiyoyin sayar da kayan noma kusa da ƙauyuka, ya yaɗa ingantaccen iri da taki mai rahusa. Ta nan ne masara ta tashi daga abin bayan gida ta zama babban amfanin gona a wannan yanki. Sai dai masara mai cin taki ce, kuma rahusar da ta sa noman ta ya yi sauƙi a wancan zamani ba ta nan yanzu. Lissafin mahaifinka daidai ne a lokacinsa. Kai sai ka yi naka.

Shawarar da masana suka saba bayarwa ga hekta ɗaya ta masara a irin ƙasarmu ta kai wajen buhu 8 na kamfa mai lamba 15-15-15 da kusan buhu 3 na yuriya, kowane buhu kilo 50, tare da iri kilo 20 zuwa 25. In kuɗinka ba zai sayi wannan na hekta biyar ba, to ba ka da ƙarfin hekta biyar ta masara. Ko ka rage fili ka ciyar da shi sosai, ko ka raba, wani ɓangare masara, wani waken suya ko wake ko dawa, waɗanda ba su kai ta cin taki ba. Waken suya ma yana barin ƙarfi a ƙasa ga masarar da za ta biyo shi, yana kuma taimakawa wajen rage ƙuduji.

Game da iri, cibiyar Samaru ta fitar da nau'o'i da yawa da suka dace da yankinmu: SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMCOT na auduga, SAMPEA na wake. Ka tambayi malamin gona na hukumar aikin gona ta jihar Katsina, KTARDA, wanne ne yake jure fari ko ƙuduji, kuma a wurin wane dila ake samun na gaskiya. Ko daga ina ka sayo, ka gwada shi kafin shuka. Ka ƙirga ƙwaya 100, ka jera su a kan jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsumma mai tsabta, ka naɗe, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan mako guda ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun haura 85, madalla. In sun gaza 70, ka mayar wa mai shi tun damina ba ta kama ba.

Hannun aiki ma a binciko shi tun da wuri. Kowa a rana ɗaya yake neman tarakta da shanun huɗa da 'yan ƙwadago, wato washegarin ruwan shuka. Wa zai yi maka huɗa, kuma na nawa ne kai a layinsa? Nawa ake biyan firi da maimai da feshi da girbi da casa a wannan ƙauye? In kana zaune a Kaduna ko Abuja, wa zai tsaya a kan gonar, me za ka biya shi, kuma sau nawa za ka zo da kanka? Takin da ba a zuba a gaban mai shi ba, ba kullum yake isa gindin shuka ba.

Zauna ka yi lissafi, ka kuma matsa shi

Yanzu ka buɗe littafinka. A shafi ɗaya ka jera duk abin da zai fita: haya, sharar gona, huɗa, iri, taki, maganin ciyawa, maganin ƙwari, ƙwadago, abincin ma'aikata, girbi, casa, buhuna, dako, kuɗin zirga-zirgarka, da ladan mai tsaron gona. Ko gonar taka ce, ka sa mata kuɗin haya, domin da ka bayar da ita haya da ka karɓa. Ko 'ya'yanka ne za su yi aikin, ka sa musu lada. Bayan ka tara, ka ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda abin da ba ka hango ba.

A ɗaya shafin ka rubuta abin da kake sa ran samu. A nan ne zuciya take yaudarar mutum. Kada ka ɗauki adadin da ke jikin ledar iri, kada kuma ka ɗauki na manomin da ya fi kowa a garin. Matsakaicin abin da ake samu a hekta ɗaya ta masara a Najeriya wajen tan 2 ne, wato buhu 20 masu kilo 100, ko da yake mai kula da gona sosai a yankinmu yana ninka wannan. Ka tambayi maƙwabta uku abin da suka samu a shekaru uku, ka ɗauki na tsakiya.

Ga misali, da lambobin da na ɗauka don bayani kawai, kai sai ka sa naka. Mu ƙaddara hekta ɗaya ta ci naira 800,000, ka samu buhu 40. Ka fitar da zakka, ɗaya bisa goma tunda noman damina ne, buhu 4 ke nan, saura 36. In buhu ya shigo aljihunka a kan 30,000, ka samu 1,080,000, ribarka 280,000. A nan yawancin mutane suke rufe littafi su ce a fara. Kai kada ka rufe. Ka ce to in farashi ya faɗi da kashi ɗaya cikin huɗu, ya koma 22,500 fa? Buhu 36 sun zama 810,000, da ƙyar ka mayar da uwar kuɗi. In farashi ya tsaya amma ruwa ya ɗauke da wuri, ko tsutsar nan mai cin masara da ta shigo ƙasar nan a 2016 ta yi ɓarna, ka samu buhu 30, bayan zakka 27 fa? Nan ma 810,000 ne. In kuwa duka biyun suka haɗu, buhu 27 a kan 22,500, abin da zai shigo 607,500 ne, ka yi asarar 192,500 a kowace hekta. Mai hekta goma ya yi asarar kusan naira miliyan biyu.

Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: in wannan mummunar shekara ta zo, zan iya ɗauka in sake noma baɗi, ko sai na sayar da gida? In za ka iya ɗauka, abin mai yiwuwa ne. In ba za ka iya ba, ka rage girmansa har ya kai inda za ka iya.

Kuɗin wa, kuma yaushe zai dawo?

Sana'a tana iya zama mai riba a takarda ta mutu a hanya saboda kuɗi ya yanke a tsakiya. Noman damina yana cin kuɗi daga Afrilu har Oktoba, ba ya mayar da ko kwabo sai Nuwamba. Ka zana watannin a jere, ka rubuta abin da kowanne zai ci. Wanda ya kashe komai a haya da huɗa da shuka, ya zo lokacin zuba yuriya hannunsa wayam, ya yi asarar abin da ya riga ya zuba. Ka kuma ware abincin gida da kuɗin makaranta da na asibiti daban, domin in ba ka ware ba, daga kuɗin taki za su fita.

In rance za ka ci, daga Bankin Manoma ne, ko bankin da ba ya ta'ammali da ruwa irin su Jaiz, ko kamfanin da ke ba da kayan noma a biya da amfanin gona, ka san amsar tambayoyi huɗu kafin ka sa hannu. Nawa zan mayar gaba ɗaya? Wace rana? In da hatsi zan biya, da wane farashi za a yi mini lissafi, na ranar yarjejeniya ko na ranar biya? Kuma wace rana kayan za su iso hannuna? Shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya kai ga manoma masu yawa, amma da yawa sun kasa biya, kuma darasin da ke ciki shi ne samun rance ba shi ne yiwuwar sana'a ba. Takin da ya iso a watan Agusta bashi ne kawai. Ka kuma tambayi ko akwai inshorar amfanin gona ta hukumar NAIC a cikin yarjejeniyar, da abin da take biya da wanda ba ta biya.

Maganar tsaro

Ba za a yi maganar noma a kudancin Katsina a tsallake wannan ba. Shekaru da dama ke nan wasu sassan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara suna fama da 'yan bindiga, gonaki masu kyau sun kwanta, iyalai sun bar garuruwansu. Halin yana sauyawa daga gari zuwa gari, daga shekara zuwa shekara, don haka labarin bara ba ya isa. Ka tambayi mutanen wurin kai tsaye: an noma gonakin gefen nan bana? An kwashe amfanin lafiya? 'Yan ƙwadago suna yarda su je? In ka ga haya ta yi arha fiye da kima, ka nemi dalili. Asarar kuɗi ana mayar da ita, amma ran ɗan mutanen da ka tura gona amana ce a wuyanka, kuma babu ribar da ta kai ta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga mai ajiya, da mai inji, da mai kayan gwari

Hajiya mai son ajiye hatsi, ke ma wannan bincike ya shafe ki. Ribarki ita ce tazarar da ke tsakanin farashin kaka da na damina, bayan an cire hayar sito, da buhuna, da magani, da dako, da ramar da hatsi yake yi in ya ƙara bushewa. Ba kowace shekara farashi yake hawa ba, waɗanda suka ajiye da tsada a ƙarshen 2024 sun shaida haka. Kada ki zuba duk jarinki a kaya iri ɗaya. Kafin ki ɗinke buhu ki tabbatar ya bushe: ki samu busasshiyar kwalba, ki zuba hatsin da ɗan busasshen gishiri, ki rufe ki girgiza, ki bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar da shi rana. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kare wake da masara daga ƙwari ba tare da magani ba, muddin an ɗaure shi da kyau kuma ɓera bai huda shi ba.

Masu son kafa injin casa ko niƙa ko matsar mai, tambayarku ta farko ita ce kwana nawa a shekara injin zai samu abin da zai ci. Masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa a jihar Kano ta fara aiki a 2016, amma ta sha tsayawa saboda ƙarancin tumatir ɗin da zai ciyar da ita. In haka ta samu mai wannan ƙarfi, ƙungiyar mutum ashirin ta fi buƙatar ta ƙirga injinan da ke garin, da buhunan da ake kawowa a mako, da awoyin da ake samun wuta, da kuɗin dizal, da inda makaniki da kayan gyara suke. Tashar tsandauri ta Funtuwa da aka buɗe a 2024 dama ce ga mai tunanin fitar da kaya waje, amma mai saye a waje yana da sharuɗɗan tsabta da inganci da yawan kaya, a san su tun kafin a yi shuka.

Mai tumatir da tattasai da attaruhu a ƙasar Ɗanja da kewaye, kai kuma lokaci ne jarinka. In kayanka suka nuna a makon da na kowa ya nuna, kwando yakan faɗi har ya kasa biyan kuɗin mota. Ka tsara dashe kashi-kashi, ka san inda za ka shanya in kasuwa ta ƙi, ka kuma sa kuɗin yaƙi da tsutsar sharon a lissafi, wadda ta yi wa manoman tumatir na arewa mummunar ɓarna a 2016 kuma ba ta daina dawowa ba.

Gwada kaɗan, sannan ka yanke hukunci

Bayan duk wannan, amsa uku ce za ta fito: a yi, a gyara, ko a bari. Dukkansu nasara ce. Mutumin da ya kashe kuɗin mota da mako uku ya gano cewa abin ba zai yiwu ba, ya tsira da jarinsa, kuma zai same shi a ranar da dama ta gaskiya ta zo. Ka kai littafinka wurin mutum biyu, tsohon manomi da ya daɗe a wannan sana'a da malamin gona, ka roƙe su su nemo maka inda ka yi kuskure. Kada ka kai wa wanda zai sayar maka da taki ko inji, ko wanda zai ci la'adar gonar.

In amsar ta zama a yi, shekarar farko ka fara da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka yi niyya. Ka rubuta kowace naira da ta fita da ranar da ta fita, da ranar shuka, da ranar zuba taki, da buhunan da aka auna. Wannan littafi na damina ɗaya ya fi kowace takarda da za a buga maka, kuma shi ne abin da ma'aikacin banki mai hankali zai fi yarda da shi in ka je neman ƙari. Ka yi istihara, ka nemi albarkar iyaye, ka dogara ga Allah, domin shi ke saukar da ruwa. Amma dogaro ga Allah bai taɓa hana mumini lissafi ba, kuma dukiyar da ke hannunka, ta gumin shekara talatin ce ko ta marayu ko ta 'yan ƙungiya, za a tambaye ka yadda ka sarrafa ta. Lokacin wannan aiki shi ne rani, tun gonaki suna fili, dillalai suna da sukunin hira, kuma kuɗin yana hannunka. Ka sayi littafin a wannan mako, ka rubuta ranar kasuwar da za ka fara zuwa.